Kofin 'yan dagaji zalla irin FA Vase, ko a haɗa kowa da kowa?

Dan_Kurna10:
Assalamu alaikum 'yan gida. Ina so mu ɗan ajiye maganar Arsenal da Madrid yau mu taɓa wata gasa da ba a nuna ta a gidajen kallo. A Ingila akwai kofin da ake ce ma FA Vase, sili ɗaya ƙwale ne, kuma ba a barin manyan kulob su shiga ko kusa. Na ƙananan ƙungiyoyi ne zalla, waɗanda ke mataki na 9 da na 10 idan ka ƙirga daga Firimiya zuwa ƙasa, wato masu aikin gini da direbobi da malaman makaranta da ke zuwa tirenin da yamma bayan an tashi aiki. Sama da ƙungiyoyi 500 ke shiga duk shekara, tun 1974 ake yi, kuma fainal a Wembley ake buga shi, filin da tawagar Ingila ke wasa. Ra'ayina shi ne wannan ya fi wa ƙaramin kulob amfani a kan a jefa shi cikin manya a ba shi 7 a zagayen farko ya koma gida. Kofi ne da suke da damar ɗauka da gaske. Me kuka gani?

GolanFagge:
Wa alaikumus salam. Ni fa ban yarda ba. Daɗin sili ɗaya ƙwale ai shi ne ƙarami ya kayar da babba, in ka cire manya me ya rage? Wa zai kalla?

Injiniya_Newcastle:
@GolanFagge ɗan'uwa ana kallo fa, ni a yankin Newcastle nake zaune kuma nan ne cibiyar wannan kofin. Whitley Bay wani ƙaramin gari ne a bakin teku kusa da mu, sun ɗauki Vase sau uku a jere, 2009 da 2010 da 2011, da na 2002 ya zama huɗu, har yau ba wanda ya kamo su. In ka shiga ɗan filinsu hotunan Wembley ne a bango ko'ina, dattawa suna nuna wa jikokinsu. Tun 2016 ma hukumar ƙwallon Ingila, FA, ta haɗe fainal na Vase da na FA Trophy, kofin waɗanda suka ɗan fi 'yan Vase ƙarfi, a rana ɗaya da tikiti ɗaya, kuma a wannan shekarar mutum 46,781 suka shiga Wembley. A ranar Morpeth Town suka ci Hereford 4-1 bayan Hereford ce ta fara zura ƙwallo tun farkon wasa, kuma wanda ya farke wa Morpeth, Chris Swailes, shekararsa 45 a lokacin. Mutum mai shekara 45 ya ci ƙwallo a Wembley jama'a! A wace gasar manya wannan zai faru?

Abu_Safiyya:
45?? Allah mai iko. A nan da tuni an ce ya koma koci.

GolanFagge:
Injiniya na ji, amma ka faɗa wa mutane gaskiya ai Hereford ce ta kawo yawancin jama'ar nan, kuma ita ba ƙaramar kulob ba ce asali. Hereford United ce ta ruguje saboda bashi a ƙarshen 2014 magoya baya suka kafa sabuwa suka fara daga ƙasa. Ka ga ke nan sunan babba ne dai ya cika fili.

Tsohon_Rafali:
Yara ku bari in ɗan koma da ku baya, don Vase ba daga sama ta faɗo ba. Kafin ita akwai FA Amateur Cup, an fara ta a kakar 1893 zuwa 1894 aka rufe ta a 1974. A shekarun 1950 wannan kofi na 'yan dagaji yana cika Wembley da mutum 100,000, ba manya ba fa, 'yan dagaji. Bishop Auckland sun ɗauka sau 10, uku daga ciki a jere daga 1955 zuwa 1957. Ƙarfinsu ya kai lokacin da jirgin Manchester United ya yi hatsari a Munich a 1958 su ne suka ba United aron 'yan wasa uku, ɗaya daga ciki Warren Bradley har ya zo ya buga wa babbar tawagar Ingila. To me ya kashe gasar? Dokar ta ce ba a biyan ɗan wasa ko sisi, amma kowa ya san ana biya a ɓoye, a cusa wa yaro kuɗi a cikin takalminsa a ɗakin canja kaya. Hukuma ta gaji da bin abin da ba za ta iya kamawa ba, ta soke bambancin gaba ɗaya ta ce kowa ɗan wasa ne, sai ta raba kofuna bisa matakin lig ɗin da kulob yake. Masu ɗan ƙarfi suka tafi Trophy wadda dama an fara ta tun 1969, ƙanana aka yi musu Vase. Hoddesdon Town ne suka fara ɗauka a 1975. Abin da nake so ku riƙe shi ne ba cewa aka yi "wanda ba a biyansa" ba, cewa aka yi "wanda ke mataki kaza", domin wannan ana iya duba shi a takarda.

Dan_Kurna10:
Baba Rafali Allah ya ƙara lafiya, wannan bayani ya gamsar. GolanFagge ka ji 100,000 ko?

DanMaradi_227:
Ina yi wa kowa sallama daga Maraɗi. Ni ina bayan GolanFagge. Mu da muke bin wasannin Faransa mun san Coupe de France, ƙungiyoyi sama da 7,000 ke shiga, daga kulob ɗin ƙauye har PSG, har da na tsibiran da ke ƙarƙashin Faransa ana ɗauko su a jirgi. A 2000 Calais da ke rukuni na huɗu, 'yan dagaji ne masu ayyukansu, suka fitar da Strasbourg suka fitar da Bordeaux 3-1 alhali Bordeaux ce zakarar lig ɗin Faransa a lokacin, suka je fainal da Nantes har su suka fara ci. A minti na ƙarshe aka ba Nantes fenareti aka tashi 2-1. Da aka zo ɗaga kofi kyaftin na Nantes Landreau ya kira kyaftin na Calais suka ɗaga tare. An sake irinta a 2018, Les Herbiers da PSG, 2-0, Thiago Silva ma ya kira nasu kyaftin. Yanzu tsakani da Allah duk duniya wa bai ji labarin Calais ba, wa kuma ya san Hoddesdon kafin Baba ya faɗa yanzu?

Dan_Kurna10:
Malam na Maraɗi amma ka lura duka biyun da ka kawo ba su ci kofin ba. An ba su sun taɓa ne kawai. Cikin 7,000 ɗin nan nawa ne ke ganin babban kulob da idonsu? Galibi tun a zagayen yanki ake waje da su manya ba su ma shigo ba tukuna.

BaZazzagi_77:
Ku duka kuna magana kamar dole a zaɓi ɗaya. A Ingila ɗin ma ai kulob ɗin da ke Vase da yawansu suna shiga FA Cup ɗin manya tun daga zagayen share fage a watan Agusta. Biyu suke bugawa. Marine da ke mataki na 8 sun karɓi Tottenham ta Mourinho a Janairun 2021, an ci su 5-0 amma kuɗin da suka samu ya gyara musu kulob. Tamworth ma a Janairun 2025 sun riƙe Tottenham 0-0 har minti 90, sai a ƙarin lokaci aka ci su 3-0. Abin da ya ba ni haushi a wannan shi ne da tsohuwar doka ce da an sake wasan a filin Tottenham an raba kuɗin ƙofa, amma an soke maimaita wasa saboda manya sun ce jadawali ya musu yawa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka in ka shiga gasar manya sai yadda suka yi da kai.

Koci_Mai_Usur:
To bari mu da muke cikin rana mu yi magana. Ina riƙe da wata ƙaramar ƙungiya ta unguwa, yarana akwai ɗan adaidaita, akwai tela, akwai masu gyaran waya, akwai ɗalibai. Mun taɓa shiga kofin jiha, muka sayi fom da karo-karo, muka yi hayar bas, ƙuri'a ta haɗa mu da kulob ɗin da gwamnati ke biyan albashi tun wasan farko. Yaran nan sun yi iya yinsu wallahi, har hutun rabin lokaci ɗaya ce kawai a ragarmu, amma su kullum tirenin suke safe da yamma suna cin abinci mai kyau, nawa kuma wasu daga wajen aiki suka zo filin ko wanka ba su yi ba. Bayan an dawo ƙafa ta mutu. Abin da ya fi ci mini rai ba yawan ƙwallayen ba ne, a'a wasa ɗaya tal muka buga duk kuɗin ya tafi, kuma da muka dawo uku daga cikin yaran suka daina zuwa tirenin. Ko a dambe ai sai an duba sa'a kafin a sa zare. Da akwai kofin da za mu haɗu da irinmu, mu ci biyu ko uku mu fita daga jiha mu ga wani gari, da yaran nan sun sami abin da za su riƙe. Don haka ni ina tare da Dan_Kurna ɗari bisa ɗari.

Abu_Safiyya:
Koci Allah ya saka da alheri, ku ne ke riƙe da yaran unguwa ba don komai ba.

GolanFagge:
Koci na tausaya wallahi, amma kar a manta kofinmu na ƙasa a Najeriya ma ƙanana suna ɗauka. Bayelsa United a 2021 suna rukuni na biyu suka ci Nasarawa United a fenareti. El-Kanemi Warriors a 2024 su ma daga NNL, wato rukuni na biyun, suka ci Abia Warriors 2-0. Ga Leventis United can baya a 1984.

Tsohon_Rafali:
GolanFagge ɗana, waɗannan da ka lissafa ba 'yan dagaji ba ne. Bayelsa United da El-Kanemi kulob ne na gwamnatocin jiha, faɗowa kawai suka yi daga sama, El-Kanemi ai ta ɗauki wannan kofi tun 1991 da 1992. Leventis kuma kamfani ne ke bayansu da kuɗi sosai, shi ya sa a 1985 suka kai har fainal na kofin Afirka na kulob ɗin da suka ci kofin ƙasarsu da Al Ahly. Ba irin yaran Koci ba ne. Shi kofin namu tsoho ne, tun 1945 yana Governor's Cup, daga baya Challenge Cup, kuma Kano ce ta fara fitar da shi daga Legas a 1953. Tsarinsa a buɗe yake irin na Faransa, a fara daga jiha, biyu su fito daga kowace jiha da Abuja. Amma ɗan unguwa bai cika wuce matakin jiha ba.

SaiMasuGida_4life:
An taɓo Challenge Cup dole in shigo. 2018 a Asaba mu Kano Pillars muna cin Rangers 3-0 suka farke duka suka cinye mu a fenareti, a daren nan ban iya cin abinci ba. Allah ya share mana hawaye a Kaduna 2019 da Niger Tornadoes. Sai Masu Gida!

BaZazzagi_77:
A Ahmadu Bello Stadium, ina ciki ranar, 0-0 aka tashi sai fenareti. Amma malam kar ka karkatar mana da zance zuwa Pillars, yanzu sai a kwana a nan.

Maman_Khalifa:
Salamu alaikum. Ni ba gwanar ƙwallo ba ce amma ɗana yana bugawa a unguwa shi ya sa nake bin gidan nan. Tambayata ita ce idan aka ce gasar ƙasa baki ɗaya, wa zai biya kuɗin mota? Yaro ya tashi daga Sakkwato zuwa Kalaba ko daga Maiduguri zuwa Legas, tafiyar kusan kwana biyu ga halin da hanya ke ciki, kuma in ya karye wa zai kai shi asibiti? Wancan watan wani abokinsa ya samu targaɗe a wasan unguwa iyayensa ne suka yi ta fama su kaɗai. Ni kafin a yi maganar Wembley wannan nake so in ji.

Injiniya_Newcastle:
Hajiya tambayarki ita ce ainihin maganar. A Vase zagayen farko-farko duk na yanki ne, ba a haɗa ka da na nesa sai gasar ta yi nisa an rage kaɗan, kuma kowane zagaye da ka ci akwai ɗan kuɗin da hukuma ke bayarwa, wanda ya ɗauki kofi yana samun fam 30,000. Kuma ko a nan ɗin kuɗin mota matsala ne babba. Ku duba daga 2009 zuwa 2017, kulob ɗin lig ɗaya ta yankinmu, Northern League, su suka ɗauki kofin duk shekara in ban da 2014 da Sholing ta kudu ta ɗauka. Whitley Bay uku, sai Dunston, Spennymoor, North Shields, Morpeth, South Shields. Dalili kuwa da yawansu a lokacin ƙin hawa mataki na gaba suke yi ko sun cancanta, saboda in sun hau tafiye-tafiye za su yi nisa kuɗin ba zai ishe su ba, sai suka zauna a ƙasa da ƙarfinsu suna cinye kowa. South Shields a 2017 har Julio Arca suke da shi wanda ya buga Firimiya da Sunderland da Middlesbrough, suka ci Cleethorpes 4-0 a fainal. 'Yan kudu suka yi ta ƙorafi, daga baya hukuma ta mayar da hawa dole ga wanda ya ci lig.

GolanFagge:
Yauwa! Ka ga abin da nake faɗa. Tsohon ɗan Firimiya a gasar "ƙanana". A Ingila ke nan da komai ke rubuce, ina ga nan?

Koci_Mai_Usur:
Wannan kam gaskiya ce GolanFagge, sojan haya shi ne ciwon gasar unguwa. Za ka ga ƙungiya ta lallaɓa da yaranta har kwata fainal, ranar semi sai ga fuskoki huɗu da ba ka taɓa gani ba an ɗauko su daga wani gari an biya su na wasa ɗaya. Ka kai ƙara a ce ina shaida. Ga rage shekaru a gasar matasa, mai gemu ya aske ya ce shi 16 ne.

Zango_Kumasi:
Gaisuwa daga Kumasi 'yan'uwa. Mu a Ghana MTN FA Cup ana sa ƙungiyoyin Division One da Division Two tare da manya. A 2011 Nania FC ta Abedi Pele ba ta cikin Firimiyar Ghana ta ci Kotoko 1-0 a fainal, mu magoya bayan Kotoko har yau abin yana mana zafi. Amma ni abin da ya fi burge ni tsarin Jamus ne, a zagayen farko na kofin ƙasarsu, DFB-Pokal, dole babba ne zai je gidan ƙarami. Haka wani kulob na ƙauye Vestenbergsgreuth ya fitar da Bayern 1-0 a 1994. In za a bar kofi a buɗe to aƙalla a yi wannan, ƙarami ya karɓi baƙi ya ci kuɗin ƙofa.

Tsohon_Rafali:
Na Kumasi shawararka mai kyau ce a takarda, amma ka tambayi wanda ya taɓa busa usur a filin da babu katanga. 'Yan kallo suna tsaye a kan layi, ka busa fenareti a kan masu gida a minti na 88, ta ina za ka fita? Na taɓa busa wasan da sai a bayan babur ɗin wani bawan Allah na bar garin, jakata ma sai washegari aka aiko mini. Shi ya sa ake kai wasannin kofin ƙasa filin 'yan ba ruwanmu. A Vase ba a karɓar kulob sai filinsa ya cika sharuɗɗa, har da fitilu. Duk wanda zai kawo irin wannan gasa ya fara da tsaron alƙalin wasa, in ba haka ba ba mai gaskiyar da zai yarda ya busa.

DanMaradi_227:
Baba gaskiya ne. Mu nan lokacin hutun makaranta ana yin gasar babban hutu da ake ce ma TGV, unguwa da unguwa, jama'ar da ke taruwa wani lokaci ta fi ta wasan lig, amma da an gama shi ke nan kowa ya watse sai baɗi. Ba inda zakaran Maraɗi zai haɗu da na Zinder ko Tawa a kofi ɗaya na 'yan unguwa. A nan kam na ga amfanin maganar Dan_Kurna, duk da har yanzu Coupe de France ta fi mini.

Abu_Safiyya:
Ba ga Ramat Cup ba da ake yi a Kano? Jihohi suna zuwa ai.

BaZazzagi_77:
Ramat Cup ta YSFON, ƙungiyar wasannin matasa ta Najeriya, ta yara ce Abu_Safiyya, kuma tawagar jiha ake kawowa ba kulob ɗin unguwa ba. Abin da ake magana a nan na manya ne masu sana'a da iyali, wanda ya san ba zai je Turai ba amma yana son wasan. Mu matsalarmu duk gasar da aka shirya sai an ce don a gano Ahmed Musa na gaba ne. To wanda ya kai 30 fa yana aikin walda, shi ba shi da haƙƙin ya buga fainal a babban fili sau ɗaya a rayuwarsa?

Dan_Kurna10:
BaZazzagi ka faɗi abin da na kasa faɗa tun farko. Kuma ba sai an ƙirƙiro komai daga sifili ba, muna da NLO, wato rukuni na uku, ƙungiyoyi birjik a kowace jiha, ga na lig ɗin jihohi a ƙasansu. A bi yadda Baba Rafali ya ce, a yanke da mataki, duk wanda ke NPFL, wato Firimiyar Najeriya, ko NNL ba ya shiga, ɗan wasan da ke da rajista a can ma ba ya shiga. A fara daga ƙaramar hukuma zuwa jiha, zuwa shiyyoyi shida, ka ga Hajiya ba wanda zai yi doguwar tafiya sai 'yan kaɗan na ƙarshe, su kuma mai ɗaukar nauyi ya biya musu mota da masauki. Fainal a Abuja ko Uyo a rana ɗaya da na manya kafin su shigo.

GolanFagge:
Ni dai har yanzu in aka ba ni zaɓi tsakanin in ɗauki kofin ƙanana da in tsaya a raga Pillars su yi ta bugo mini a filin Sani Abacha cike da jama'a, na biyun zan ɗauka ko 6 za a ci ni. Amma in za a yi duka biyun ba ni da ja.

Maman_Khalifa:
Maganar asibitin fa har yanzu ba wanda ya amsa mini.

Koci_Mai_Usur:
Hajiya ki yi haƙuri. Abin da muke yi mu a ƙungiyarmu kowane yaro yana ajiye ɗan abu duk sati a hannun ma'aji saboda irin wannan ranar, ba ya isa in karaya ce babba amma yana rage wa iyaye. A gasar da ta kai ta ƙasa kuwa dole a cire wani kaso daga kuɗin fom a ware shi don jinya, kuma kada a busa wasa sai da ma'aikacin lafiya a bakin fili, a rubuta shi cikin doka. Dan_Kurna batun rajistar da ka kawo kuma sai an haɗa da lambar NIN da hoto, a rufe rajista kafin wasan farko ba a ƙara kowa, in ba haka ba sojan haya za su cinye ta tun a shekarar farko. Injiniya don Allah in kana da hali ka duba mana yadda suke hana ɗan wasa buga wa kulob biyu a Vase a kaka ɗaya, ina so in gwada a gasar da za mu yi bayan sallah.

Injiniya_Newcastle:
Koci dokar da na sani tun da a sauƙaƙe take, da ka buga wa kulob ɗaya ko minti ɗaya ne a gasar to ka ɗauru, ba ka sake buga wa wani a wannan kakar, kuma kulob ɗin da aka kama ya sa wanda bai cancanta ba ana iya cire shi a mayar da wanda ya fitar. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan je kallon wasa a nan kusa, zan tambayi sakatarensu yadda fom ɗin yake in turo maka.